Yadda Aka Koyi Tokare Dutsen da ke Fashewa

Tarihin Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka fara sauka a gindin Dala suna neman tama. Haƙar wancan zamani ba ta wuce ƴan gaba kaɗan ba, kuma haɗarinta shi ne wanda masu haƙar rijiya a Gaya da Ajingi suka sani har gobe: ƙasa mai rairayi ta saki, rami ya rufta da mutum. Maganinsa tsoho ne, a ɗaure bakin rijiya, a zura kankare zagaye-zagaye yadda ƙasa ba za ta sami hanyar zubowa ba.

Akwai wani haɗarin da sai an yi nisa ƙwarai cikin ƙasa ake gamuwa da shi. A zurfin kilomita biyu ko uku, nauyin abin da ke sama yana danne dutse, shi kuma ya tara ƙarfi kamar baka da aka ja aka riƙe. Da an huda rami a cikinsa, sai bango ya tarwatse farat ɗaya, da ƙara, ya yi jifa da ɓaraguzai. Rufta takan yi gargaɗi da zubar tsakuwa. Wannan fashewa kuwa sau da yawa ba ta sallama.

Mahaƙan zinare na Kolar a Indiya da na Afirka ta Kudu suna cikin waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu. An gano zinaren Witwatersrand na Afirka ta Kudu a 1886, kuma zuwa 1908 girgizar ƙasa daga ramukan haƙar ta addabi mazauna Johanasbag har hukuma ta naɗa kwamitin bincike. Shekaru da dama ana tunkarar abin da ƙarfi: a jera gungume kan gungume, a gina bangon dutse, a bar ginshiƙai ba a haƙe ba. A Kolar har da tubalin dutse aka riƙa ginawa. Duk da haka fashewar ta ci gaba da cin rayuka, kuma a Afirka ta Kudu mafi yawan mamatan baƙaƙen lebura ne, da yawansu an kwaso su daga Lesoto da Mozambik da Malawi, waɗanda ba a cika tunawa da su ba idan ana ba da labarin ci gaban injiniyanci.

A shekarun 1960 ne tunani ya juya. Masana irin su Neville Cook da David Ortlepp suka nuna cewa tokara mai tauri ita ce ke fara karyewa, domin ba abin da zai tsayar da dutse a daidai lokacin da ya zabura. Abin da ake bukata shi ne tokarar da za ta ja da baya kaɗan tana riƙe da kayanta, ta shanye bugun. A ganina nan ne aka yi babbar nasara a duk wannan tarihi. Daga nan aka ƙera tokara irin ta jak mai ruwa a ciki, wadda ke sassautawa da sauri idan rufi ya danno. Wajen 1990 kuma aka fito da rodi mai dunƙulallen kai: a huda dutse, a cusa shi, a cika da siminti, idan bango ya motsa sai kan nan ya riƙa ratsa simintin a hankali maimakon rodin ya tsinke. A samansa a shimfiɗa ragar waya, a ɗaure da igiyar ƙarfe, wani lokaci a fesa kankare, domin rodi kaɗai ba ya hana gutsattsarin da ke tsakani zubowa kan mutane.

Kanada ta shigo sahu bayan fashewar da ta kashe mahaƙa 4 a Falconbridge a 1984, kuma binciken da ya biyo baya ya haifar da littafin jagora a 1996. Ba a ce an gama ba. A 2006 girgiza ta rufta da rami a Beaconsfield ta Ostireliya, mutum 1 ya rasu, 2 suka yi mako biyu a ƙasa kafin a ciro su.

A jihar Kano, Riruwai da ke Doguwa ita ce ta taɓa shiga ƙarƙashin dutse mai tauri, lokacin da aka buɗe ramin kuza a shekarun 1970, aikin da ya tsaya a shekarun 1980. Ramin bai kai zurfin da dutse ke fashewa ba. Ramukan zinaren Zamfara da Neja da ke binne samarinmu a yau ma ba su kai ba, kuma da yawansu ko tokarar itace ba a sa musu.