Tarihin Kafuwar Ƙaramin Kofin Zari-ruga na Turai

A watan Agusta na shekarar 1995, shugabannin wasan zari-ruga na duniya suka yi zama a birnin Paris, suka halatta wa 'yan wasa karɓar albashi, abin da magabatansu suka shafe fiye da shekara ɗari suna ɗaukarsa haramun. Kuma tun kafin shekarar ta fita aka kafa Kofin Heineken domin manyan ƙungiyoyin Turai. To, da yake babban kofin ba zai ɗauki kowa ba, alhali kuwa ƙananan ƙungiyoyi su ma nauyin albashi ya hau kansu, suna neman wasannin da za su jawo 'yan kallo, sai masu gudanar da al'amarin suka ga maslahar kafa gasa ta biyu a 1996, wadda ta yi ta sauya suna har ta tsaya a kan Challenge Cup.

Ƙungiyoyi 24 ne suka buɗe fagen, kuma Bourgoin ta Faransa ce ta fara ɗaga kofin, bayan ta rinjayi Castres da maki 18 da 9 a 1997. Wanda duk ya dubi sunayen zakarun farko zai fahimci hikimar kafa gasar, domin Bourgoin ɗan ƙaramin gari ne kusa da Lyon, Colomiers da ta biyo baya a gefen Toulouse take, inda martabar maƙwabciyarta ta daɗe da rufe ta, sa'an nan Montferrand da Pau suka cika huɗu. Irin waɗannan garuruwa, da a cikinsu wasan ya zama gadon kaka da kakanni, sun sami ɗaukakar da babban kofin bai cika ba irinsu ba. Sai a 2001 kofin ya bar Faransa, lokacin da Harlequins ta Landan ta doke Narbonne bayan ƙarin lokaci.

A 2009 aka zo da wata bidi'a, wato ƙungiyoyi uku da suka kasa tsallake rukuni a babban kofin su gangaro cikin ƙaramin a zagayen 'yan takwas. Haƙiƙa wannan ya ƙara wa gasar kwarjini, har Cardiff ta kayar da Toulon da maki 28 da 21 a Marseille a 2010, ta zama ƙungiya ta farko daga Wales da ta ɗaga kofin. Amma a cikin kofuna biyar da aka ɗaga daga 2010 zuwa 2014, huɗu sun tafi hannun waɗanda suka gangaro ne, wato Cardiff da Biarritz da Leinster da Northampton. Ni dai ban ga adalci ba a ce wanda ya sha ɗawainiya tun farkon hunturu, baƙon da ya iso da bazara ne zai kwashe ladan.

Saɓanin da ya tashi tsakanin ƙungiyoyin Ingila da Faransa da tsohuwar hukumar da ke gudanar da gasannin biyu daga Dublin, a kan rabon kuɗi da ƙa'idar shiga gasa, ya kai ga rushe ta a 2014, aka kafa sabuwa a ƙasar Suwizalan. A ƙarƙashinta ƙofa ta ƙara faɗi: Enisei ta zo daga Siberiya a 2015, Black Lion ta Jojiya ta shigo a 2023, ƙungiyoyin Afirka ta Kudu kuma tun 2022, har Sharks ta birnin Durban ta ci Gloucester da maki 36 da 22 a Landan a 2024, kofin da ake kira na Turai ya ƙetara zuwa Afirka. Sai dai gangarowar manya, da aka soke a 2014, an dawo da ita bayan 'yan shekaru, kuma lalle ya kamata hukumar ta sake duba wannan mas'ala, domin saboda irin su Bourgoin aka kafa gasar tun asali.