Dala da tsatsarta: abin da goge tsohon kuɗi ke shafewa

A Nijar, in an ce «dala» ana nufin tamma 5. Amma kalmar, wadda tushenta ɗaya da «thaler» na Jamusanci, ta fara ne a kan kuɗin azurfa na ƙasar Otirishi mai ɗauke da hoton sarauniya Mariya Tereza. A 1851, Barth ya iske ana canza ɗaya da wuri 2.500 a Kano. Da yawa maƙeran fari sun narkar da su. Sauran suna gidaje, inda ake goge su da toka ko lemun tsami don su yi ƙyalli.

Muna ganin wannan gugar asara ce ga mai bincike. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a Biyana, daga baya har a Roma, Paris da Landan. Ke nan shekarar ba ta gaya mana kome. Abin da ke bambanta bugu da bugu shi ne ƙananan alamu: ƙwayoyin lu'ulu'u na adon kafaɗa, siffar haruffa, rubutun gefe. Su ne toka ke fara cinyewa.

Don haka a jiƙa kuɗin cikin ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, a ɓamɓare laka da tsinken icce, a ɗauraye, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da murzawa ba. Baƙin da ya saura a bar shi: azurfa ce ta haɗu da iska, kuma duk wanda ya kankare shi, ya tafi da saman azurfar.