Hukuncin Haskawa Da Harhaɗa Hotunan Mota Don Talla

Tambaya:

Malam, sana'ata ɗaukar hotunan motoci ga dillalai. Nakan kafa kyamara wuri guda da dare, in bi jikin motar da fitila sashe-sashe, in ɗauki hotuna da yawa, sannan in haɗe su a Photoshop su zama hoto ɗaya. Wani lokaci dillali kan ce in goge lotsewa ko tsatsa. Mene ne hukuncin aikina da kuɗin da nake karɓa?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Na farko, ɗaukar hoton mota halal ne, domin ba ta da rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya nusar da wani mai sana'ar zane ya koma zanen bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai.

Na biyu, sarrafa haske da harhaɗa hotuna kayan aiki ne, hukuncinsu yana bin abin da aka yi da su. Haska kowane ɓangare don ya fito sosai, kawar da ƙyallin gilashi, cire inuwar mai ɗaukar hoto daga jikin fenti, ko sauya abin da ke bayan motar, duk babu laifi, matuƙar motar tana nan yadda take.

Na uku, idan hoton na wata mota ce takamaimiya da za a sayar, haramun ne a goge lotsewa, tsatsa ko tsagewar gilashi, ko a sauya launin fenti ko adadin kilomita. Haka nan karkatar da fitila da gangan don aibi ya faɗa cikin duhu. Wannan shi ne tadlisi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya tarar da wani mai sayar da abinci ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa, busasshen a sama, sai ya tsawatar masa, ya nisanta kansa daga mai algus.

Wanda ya saya bisa wannan yaudara, ba tare da ya san aibin ba, yana da zaɓin mayar da motar. Malamai sun kafa hujja da hadisin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika, inda aka bai wa mai saye damar mayarwa.

Kada ka ce laifin na dillali ne shi kaɗai. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo, kuma ladan goge aibi ba halal ba ne. Ka ƙi wannan ɓangaren, ka ba shi shawarar a ɗauki hoton aibin a fili. Ka kuma guji sanya mata masu bayyana tsiraici a cikin tallar.

Allah ne Mafi sani.