Filin Wasa Na Surulere: Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi

Jama'a, duk wanda ya taso daga Idi-Araba ko Mushin ya bi ta Ojuelegba zai shiga cikin Ikko, ba makawa sai ya wuce ta gaban babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere. Yaranmu na yanzu dai sunan tashar mota suka ɗauke shi, wanda kwandasta ke kira. To, ya kamata su san abin da aka yi a wurin, da yadda aka yi ya koma haka.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta gina filin bayan an gama yaƙin basasa a 1970, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa. An buɗe shi a 1972, yana ɗaukar mutum 55,000. Ban da filin ƙwallo, an yi masa wurin ninƙaya da zauren dambe da kokawa da wurin tanis. A watan Janairun 1973 aka yi Wasannin Afirka karo na biyu a ciki, ƙasashe 36 suka hallara, Nijeriya ta ci Gini 2 da nema ta ɗauki zinaren ƙwallo.

Amma ranar da ba a mantawa ita ce 22 ga Maris 1980. Ran nan 'yan Green Eagles suka lallasa Aljeriya 3 da nema, suka ɗauki kofin Afirka karo na farko. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shehu Shagari da kansa ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin. Daga baya aka ba 'yan wasan gidaje a Festac da mota Fijo 504. Mu muna yara a lokacin, amma mun ga yadda ranar wasa take zama ranar kasuwa ga mutanenmu. Mai tsire, mai goro, mai rake, mai shayi, kowa tun hantsi ya kama wuri, kafin magariba an karkaɗe tire.

Filin ya ga baƙin ciki kuma. Ranar 12 ga Agusta 1989, ana cikin wasa da Angola, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi, bai sake tashi ba, yana ɗan shekara 25. A 1999 aka yi wa filin kwaskwarima saboda gasar matasa ta duniya, ya koma ɗaukar 45,000, Sifen ta ci Japan 4 da nema a wasan ƙarshe. A watan Fabrairun 2000 kuwa Kamaru ta ƙwace mana kofin Afirka a gabanmu da bugun fanareti, bayan an tashi 2 da 2. Ashe wannan shi ne babban biki na ƙarshe.

To, me ya kashe shi? Ba yaƙi ba ne, ba gobara ba ce. Mai gida ne ya tashi. Filin na Gwamnatin Tarayya ne, ita kuwa ta koma Abuja tun Disambar 1991. Da aka buɗe sabon filin Abuja a 2003 don Wasannin Afirka karo na takwas, sai aka yi amarya aka manta da uwargida. Manyan wasanni suka ƙaura, kuɗin gyara ya daina zuwa, ga ruwan Ikko da iskar teku ba sa raga wa ƙarfe. Ciyawa ta mutu, kujeru suka karairaye, allon nuna ci ya daina aiki. Harabar ta koma wurin mashaya da tarurruka da zaman 'yan zauna-gari-banza, sai 'yan dambe da masu motsa jiki da suka ci gaba da lallaɓawa a ƙananan zauruka. Ciniki ya bi 'yan kallo ya tafi.

Gwamnatin jihar Legas ta nemi a miƙa mata filin a 2017, maganar ba ta kai ko'ina ba. Ita dama ta kammala nata na Teslim Balogun tun 2007, tsallaken titi kawai. Da Super Eagles suka dawo Ikko a Maris 2021 suka ci Lesotho 3 da nema, a can aka buga, tsohon filin yana kallo. A Afrilun 2023 kuma iska da ruwa suka kayar da ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilunsa.

'Yan'uwanmu na Sabon Badun sun san irin wannan labari. Filin Liberty da aka buɗe a 1960, inda Dick Tiger ya doke Gene Fullmer na Amurka a damben duniya a Agustan 1963, shi ma ya sha zaman kaɗaici. An canza masa suna zuwa Obafemi Awolowo a 2010, amma sabon suna ba ya toshe yoyo. Kai, amaryar Abuja ma ba ta tsira ba: filinta ya lalace har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyaran ciyawar a 2020, manyan wasanni kuwa da yawa suka koma Uyo.

Mu 'yan kasuwa mun sani, rumfar da mai ita ba ya leƙawa, kwano ɗaya da aka ƙi sauyawa bana shi ke rusa ta baɗi. Gini ana yin sa sau ɗaya a yanka kyalle a yi tafi, gyara kuwa kullum ne, babu mai tafa maka. Saboda haka duk ranar da muka ji an ce za a gina sabon fili na biliyoyin naira, mu fara tambaya: wa zai riƙa kula da shi bayan baƙi sun watse, kuma da wane kuɗi? Allah Ya sa mu ga ranar da za a sake cika Surulere, masu tsire su sake hura wuta a bakin ƙofa.