Tarihin Sana'ar Tace Hoto, Daga Almakashi Zuwa Burauza

Jama'a da yawa daga cikin masu haɗa bidiyo a burauza, idan suka ga hoto yana cijewa, ko murya ta riga leɓe, ko shafin ya rufe kansa alhali aiki ya kusa ƙarewa, sukan zaci wata musiba ce da zamani ya haifar. Amma wanda ya bi salsalar wannan sana'a zai tarar cewa illolin guda biyu ne rak, wato nauyin hoto da ƙarancin wurin ajiya, kuma tun fil azal ma'abota sana'ar suke fama da su.

A farkon al'amari, bayan da 'yan'uwan nan biyu, su Lumière, suka nuna majiginsu a birnin Faris a 1895, mai tacewa ba shi da kayan aiki sai almakashi da gam, yana ɗaga zaren fim ga haske, yana yankewa, yana liƙawa. Da yake abin da aka yanke ba ya komawa, sai magabata suka kafa wata ƙa'ida mai hikima: asalin fim a adana shi, a buga kwafi mai araha a yi ta gwaji a kansa, sai an daddale shawara tukuna a yanka asalin bisa ga abin da kwafin ya nuna. Ko da na'urar Moviola ta Iwan Serrurier ta shiga hannun masu tacewa a 1924, ta sauƙaƙa musu kallo ne kawai, ƙa'idar kuwa ba ta gushe ba.

A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da tef ɗin bidiyo mai faɗin inci 2, sai wata sabuwar mashakka ta zo, domin hoton da ke cikinsa ido ba ya ganinsa. Dole a shafa masa wani ruwa mai garin ƙarfe, a duba da madubin ƙara girma, kana a yanka da reza. Daga baya aka koma kwafewa daga wannan na'ura zuwa waccan, bi da bi, ta yadda in aka yi nufin gyara a tsakiya sai an sake duk abin da ya biyo baya, kuma kowane kwafi yana rage wa hoto kyau. A kan irin wannan tsari, da kaset ɗin VHS, sana'ar fim ɗin Hausa ta tashi a Kano, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990.

Kwamfuta ta fara shiga sana'ar a 1971 da na'urar CMX 600, wadda kamfanonin CBS da Memorex suka ƙera. Ita ce ta fara ba mutum ikon tsallakawa zuwa kowane wuri nan take. Sai dai fayafayanta, duk da girman jikinsu, ba su ɗaukar abin da ya wuce kimanin rabin sa'a, shi ma hoto ne marar launi, marar kyau. Na'urar Avid ma, da ta fito a 1989, da hoto dushi-dushi aka riƙa aiki a kanta, a bar asalin a ajiye har zuwa ranar haɗawa ta ƙarshe. Da wannan haƙuri sana'ar ta kai matsayin da fim ɗin The English Patient na 1996, wanda Walter Murch ya tace a Avid, ya ci kyautar Oscar ta tacewa.

Sa'an nan aka yi yunƙurin kai aikin cikin burauza, don wanda ba shi da babbar kwamfuta shi ma ya samu rabo. Yahoo ya sayi shafin tace bidiyo na Jumpcut a 2006 ya rufe shi a 2009. YouTube ya buɗe nasa a 2010 ya janye shi a 2017. Clipchamp kuwa, wanda aka kafa a Ostareliya, Microsoft ya saye shi a 2021. Dalilin wahalar a bayyane yake ga mai lissafi. Hoto guda mai girman 1920 da 1080, in aka warware shi, yana cin kimanin megabait 6, kuma a daƙiƙa ɗaya akan nuna 30, wato sama da megabait 180; na 4K kuwa ya ninka wannan sau huɗu. Domin a rage nauyin, tsarin matsewa irin H.264 yakan ajiye cikakken hoto jefi-jefi, tsakaninsu kuma ya rubuta bambanci kawai. Saboda haka duk lokacin da mai tacewa ya koma baya, sai na'ura ta nemo cikakken hoton da ya gabata ta sake gina sauran ɗaya bayan ɗaya. Burauza kuma baƙo ne a gidan kwamfuta, abin da aka ɗebo masa shi yake ci, ga shi yana raba shi da sauran shafukan da ke buɗe.

Wanda ya fahimci wannan, magani ba zai ɓuya masa ba. Ya rufe shafukan da ba ya bukata, ya tabbatar an kunna taimakon katin hoto a saitin burauza, ya rage girman bidiyon ko kyawun abin da ake nuna masa yayin aiki, ya raba dogon aiki gida-gida. In murya ta saɓa da hoto, galibi illar daga wayar hannu take, domin takan sauya yawan hotuna a daƙiƙa gwargwadon haske, kuma maganinta shi ne a mayar da fayil ɗin zuwa adadi tabbatacce kafin a soma. Ya kuma adana asalin fayilolinsa inda ya same su, gama wasu manhajojin a kan kwamfutar mutum suke aiki, in aka kawar da fayil ko aka share ajiyar burauza sai su neme shi su rasa.

Haƙiƙa waɗannan matakai duka reshe ne na asalin nan guda, wato a yi aiki da mai sauƙi, a kiyaye mai daraja. Burauza alheri ne babba ga ɗalibi da ɗan kasuwa da malamin da ke son yaɗa karatunsa, muddin aikin gajere ne. Amma fim mai tsawo, mai muryoyi da hotuna hawa-hawa, haƙƙinsa ne a kai shi ga manhajar da aka girka a kwamfuta. Sanin haddin kayan aiki rukuni ne na gwaninta, kuma wajibi ne ga manyan sana'a su koyar da shi ga yaransu tun kafin su koya musu ado.