Maye gurbi

maye gurbi (suna, namiji, lissafi): dabarar warware daidaito biyu masu ɓoyayyun adadi biyu, kamar x da y. Ana fitar da ƙimar harafi ɗaya daga daidaito na farko, a saka ta a madadinsa cikin na biyu, ya rage saura harafi ɗaya tak.

Misali, tsohuwar tambayar nan ta littafin lissafin Sunzi na ƙasar Sin: tsuntsaye da zomaye a keji ɗaya, kawunansu 35, ƙafafu 94. A kira tsuntsaye x, zomaye y. Ke nan x + y = 35, kuma 2x + 4y = 94. Daga na farko, x = 35 − y. A saka shi cikin na biyu: 2(35 − y) + 4y = 94, wato 70 + 2y = 94. Zomaye 12 ne, tsuntsaye 23.

Wurin buɗe baka ɗalibai suka fi yin tuntuɓe: su ninka 35 da 2, su mance y. Don haka ya wajaba a mayar da amsa cikin daidaiton biyu a tantance.

Dabarar ta fi daɗin aiki idan wani harafi na tsaye shi kaɗai, ba lamba a gabansa. Idan haruffa suka ɓace aka samu abin da ba zai yiwu ba, irin 0 = 5, babu amsa; in 0 = 0 ya fito, amsoshin ba su da iyaka.