Daga Mairuwa Zuwa Duniyar da Babu Tudu

 

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san garin Mairuwa da dam ɗinsa, inda masunta da masu noman rani suke cin abinci. Sunan garin ne ya jefa mu cikin tambayar yau: shin akwai duniyar da ta cancanci wannan suna gaba ɗayanta, wadda babu tudu ko taki ɗaya a cikinta? Da yawa daga cikinmu muna sha'awar rubuta ƙagaggen labarin kimiyya, hanyar da Umaru Dembo ya share da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Kafin mu kai jarumanmu irin wannan duniya, ya kamata mu san yadda masana suka bi tambayar.

Mu fara daga gida. A yankin Funtuwa ne Gulbin Sakkwato yake fara tafiyarsa. Idan muka bi shi har ƙasar Sakkwato, za mu taka ƙasar da ta taɓa zama gindin teku. Kimanin shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe yankin. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina a cikin wannan ruwan ta taru. An kuma tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku a yankin, wanda masana 'yan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Ashe tudu da ruwa suna musayar wuri, kuma ba a nesa da mu ba.

Mutanen da ma sun yi wannan tunanin. Thales, masanin Girka na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce ruwa ne asalin komai, ƙasa kuma a kansa take shawagi. Al-Idrisi, da ya kammala taswirarsa a Sisili a 1154, ya zana ƙasashen da aka sani, teku ya kewaye su ta kowace fuska. Da aka zo awo, sai aka ga ruwa ya rufe kashi 71 cikin 100 na fuskar duniyarmu. Amma a nauyi, ruwan tekuna bai wuce kashi 0.02 cikin 100 ba. Matsakaicin zurfin teku kilomita 3.7 ne, alhali daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta ya fi kilomita 6,300. Duniyarmu dutse ce da aka yayyafa wa ruwa. Duk da haka, da za a baje duwatsu a cike kwaruruka, ruwan da muke da shi zai rufe ko'ina da zurfin fiye da kilomita 2.5. Rashin daidaiton ƙasa ne kawai ya ba mu gonaki.

Daga nan bincike ya koma sama. A 1610 Galileo ya hango manyan watanni huɗu na Mushtari, cikinsu har da Yuropa. A shekarun 1990 kumbon da aka sa wa sunansa ya kawo shaidar cewa akwai teku mai gishiri ƙarƙashin ƙanƙarar da ta lulluɓe Yuropa, kuma ana ƙiyasin ruwansa ya ninka na duk tekunanmu. A 2005 kumbon Cassini ya ga ruwa yana feshi daga Enceladus, wani ƙaramin watan Zuhal. A Oktoban 2024 aka harba kumbon Europa Clipper, wanda ake sa ran zai isa a 2030.

Waɗannan watanni ne. Batun cikakkiyar duniyar ruwa kuwa, Marc Kuchner a 2003 da Alain Léger da abokan aikinsa a 2004 ne suka shimfiɗa lissafinta. Hujjarsu mai sauƙi ce: duniyar da ta ginu nesa da ranarta tana tara ƙanƙara da yawa, idan kuma ta matso kusa daga baya, ƙanƙarar ta narke ta zama teku marar gaɓa. Yaya ake ganewa daga nan? Ana auna girman duniyar daga yawan hasken da take tarewa idan ta gifta gaban tauraronta, a auna nauyinta daga yadda take jan tauraron. Idan ta yi sauƙin da dutse zalla ba zai yi ba, sai a yi zargin ruwa ko iska mai kauri. Da haka aka zargi GJ 1214 b da aka gano a 2009, da Kepler-138 c da d a 2022. K2-18 b ma, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekaru 124, ana ta muhawara a kanta tun bayanan madubin James Webb na 2023. Har yanzu duk zato ne mai ƙarfi, ba a tabbatar da ko ɗaya ba.

To duniyar da ruwa ne tun daga sama har tsakiya fa? A nan aikin Percy Bridgman na 1912 ya shigo. Ya nuna cewa ruwa yana daskarewa idan aka matse shi sosai, ko da babu sanyi. A duniya mai jan ƙasa irin tamu, tekun da ya kai zurfin kilomita 100 gindinsa zai zama ƙanƙara saboda nauyin ruwan da ke kansa. Don haka duniyar da ruwa ya rufe tana yiwuwa, amma wadda take ruwa tsagwaro har cibiya, lissafi bai yarda da ita ba.

Ga abin da ya shafi alƙalaminmu. Idan muka cire tudu daga labari, mun cire itacen girki, mun cire maƙera da ƙarfensu, mun cire gona da rigimar gadonta, mun cire maƙabarta. Jarumin da aka haifa a can bai san kalmar gaɓa ba, ba zai yi karin magana da ƙura ko fari ba. Marubucin da ya ɗauki Bahaushen Faskari da garmarsa ya dasa shi a can ba tare da ya sauya masa komai ba, mai karatu zai gane ha'incin tun daga shafin farko.

Aikin wannan makon: kowa ya rubuta sakin layi ɗaya, wata uwa a irin wannan duniya tana yi wa 'yarta faɗa. Kada ƙasa, wuta ko dutse su fito a bakinta. Mu gani a ƙasa, mu gyara wa juna. Allah ya ƙara mana basira, amin.